Feftayid masu kashe bakteriya: aikinsu a garkuwar jiki da abin da ya hana su zama magani

A shekarar 2024 mujallar kimiyya ta Cell ta wallafa wani bincike da kafafen labarai suka yi ta yayatawa. An sa kwamfuta ta tace bayanan gadon ƙananan halittu da aka tattaro daga ƙasa da ruwa da hanjin mutane da dabbobi, ta zaƙulo gajerun furotin har 863,498 da ake kyautata zaton suna kashe bakteriya. Masu binciken suka haɗa 100 daga ciki a ɗakin gwaje-gwaje, 79 suka nuna suna aiki. Nan da nan aka fara cewa an samu magajin antibayotik. Ɗokin yana da dalili, domin ƙiyasin da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye sakamakon bakteriyar da ta daina jin magani.

Tambayoyi biyu ne suka rage wa mai karatu. In jikin ɗan Adam da kansa yana ƙera irin waɗannan sinadarai, me ya sa bakteriya ke kwantar da mutane? In kuma an san su fiye da shekara 40, ina magungunan da aka yi da su? Duka biyun suna komawa ga abu guda: ƙarfin waɗannan sinadarai ya rataya ne a kan wurin da aka zuba su, da yawan da aka zuba, da lokacin da aka zuba.

Mene ne feftayid?

Furotin jeri ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne. Idan jerin gajere ne, sai a kira shi feftayid. Masu kashe bakteriya yawanci suna da amino asid 12 zuwa 50, kuma abu biyu ne suka haɗa su. Na farko, suna ɗauke da cajin lantarki na tarawa, tsakanin +2 zuwa +9, saboda yawan amino asid biyu masu suna laisin da ajinin. Na biyu, kusan rabin jikinsu ba ya shiri da ruwa, maiƙo yake bi. Idan feftayid ya naɗe, ɓangaren mai caji yakan koma gefe guda, mai bin maiƙo ya koma ɗaya gefen.

Suna cikin garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta bukatar ta taɓa haɗuwa da cuta kafin ta yi aiki. Garkuwar da ake koyo, mai ƙera antibodi, takan ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda ko fiye kafin ta shirya a karon farko. Bakteriya irin E. coli kuwa, in ta samu yanayi mai kyau, takan ninka kanta duk minti 20. Wannan tazara ce feftayid da fararen ƙwayoyin jini ke tsarewa.

Tarihin gano su a jikin dabbobi bai da tsawo. Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin suka bayyana sekrofin a 1981, daga jikin wani ƙwaro dangin tsutsar siliki. A 1985 ƙungiyar Robert Lehrer a jami'ar California da ke Los Angeles ta fitar da difensin daga fararen ƙwayoyin jinin mutum. A 1987 Michael Zasloff ya lura cewa kwaɗin da yake yi wa tiyata suna warkewa a cikin ruwa mai datti ba tare da raunin ya yi mugunya ba, ya gano magainin a fatarsu. Ana kuma samun su a tsirrai da kifaye da tsuntsaye, har da bakteriyar kanta, wadda ke amfani da su wajen kashe kishiyoyinta.

Yadda suke bambance bakteriya da jikin mutum

Komai ya ta'allaƙa ne a kan tantanin maiƙon da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta, wato sel. Tantanin bakteriya cike yake da maiƙo mai cajin ɗebewa, irin su fosfatidilgilisarol da kadiyolifin. Daga waje kuma akwai ƙarin caji: rukunin Giram-negetif, kamar E. coli da Salmonella, suna da rufi na biyu mai ɗauke da sinadarin LPS, rukunin Giram-fositif kuma, kamar Staphylococcus aureus, suna da bango mai kauri da ke ɗauke da asid ɗin taikoyik. Tun da tarawa da ɗebewa suna jan juna, feftayid yakan manne wa bakteriya da zarar ya kusance ta.

Sel ɗin mutum ba haka yake ba. Fuskarsa ta waje maiƙo ne marar caji, wanda ke da cajin ɗebewa an ɓoye shi a fuskar ciki, sannan akwai kolestarol da ke ƙara wa tantanin tauri. Shi ya sa feftayid ke wucewa bai kama shi sosai ba. Wannan kariya tana da iyaka: in yawan feftayid ya wuce kima, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ma. Melitin, babban dafin da ke cikin harbin zuma, feftayid ne na wannan dangi da ba ya bambancewa.

Bayan mannewa, a rukunin Giram-negetif feftayid yakan ture magniziyam da kalsiyam da ke riƙe LPS a jere, rufin waje ya saki, ya kutsa zuwa tantanin ciki. Sai ya kwanta a kansa yana taruwa. Ba abin da ke faruwa har sai tarin ya kai wani adadi, kuma wannan batu na adadi shi ne mabuɗin duk muhawarar da ke tafe. In ya kai, ana bayyana hanyoyi uku da ɓarna ke aukuwa. Wasu sukan miƙe su jeru su yi rami mai bango a cikin tantanin. Wasu, irin su magainin, sukan lanƙwasa maiƙon kansa ya zama gefen ramin. Wasu kuma sukan rufe fuskar gaba ɗaya su wargaza ta yadda sabulu ke narkar da maiƙo a jikin tukunya. Ko ta wace hanya, fotasiyam yana tsiyayewa, bambancin cajin da bakteriya ke samar da makamashi da shi yana rushewa, ta mutu cikin mintuna.

Ba duka ne ke huda ba. Nisin, feftayid ɗin da wata bakteriya ke ƙerawa, da wasu difensin na mutum suna kama wani sinadari mai suna lifid II, wanda da shi bakteriya ke gina bangonta. Wasu masu yawan amino asid ɗin firolin sukan shige ciki su toshe ribosom, wurin da ake ƙera furotin. Akwai kuma masu manne wa DNA.

Waɗanda ke jikin mutum da inda suke

Manyan iyalai biyu ne, difensin da katelisidin. Difensin suna da ƙulli uku na sulfa da ke ɗaure su tamau, abin da ke sa inzayim masu yanka furotin su sha wuya a kansu. Nau'in alfa guda shida ne. Huɗu, HNP1 zuwa HNP4, suna cikin nutrofil, farar ƙwayar jinin da ke fara isa wurin rauni. Idan nutrofil ta haɗiye bakteriya, takan kulle ta a wata 'yar jaka ta zazzage mata difensin, yawansa a can ya kai miligiram da dama a mililita guda. Sauran biyun, HD5 da HD6, sel ɗin Paneth ne ke fitar da su a ƙasan 'yan ramukan da ke bangon ƙaramin hanji. HD5 yana kisa. HD6 ba ya kisa sosai. A 2012 aka nuna cewa yana saƙa kansa ya zama raga, ya cukwikwiye bakteriya ya hana ta shiga bangon hanji.

Nau'in beta fata ce da hanyar numfashi da ta fitsari ke ƙera su. Na farkonsu, hBD-1, kullum ana fitar da shi. hBD-2 da hBD-3 sai an ji ƙamshin cuta: masu gadi da ke jikin sel, waɗanda ake kira TLR, suna gane LPS ko wani sashe na bakteriya, su aika saƙo a kunna ƙwayar gadon da ke ƙera su.

Katelisidin guda ɗaya tal mutum ke da shi, LL-37, mai amino asid 37 da cajin +6. Jiki ba ya ajiye shi a shirye. Yana ajiye shi ne a matsayin babban furotin mai suna hCAP18, sai an zo wurin aiki wani inzayim ya yanke shi: furotinas 3 a nutrofil, kalikirin 5 a fata. HD5 ma haka, sai tirifsin ya yanke shi a hanji. Wannan tsari na ajiye makami a kwance har sai an bukace shi yana nuna cewa jiki ma yana kaffa-kaffa da su.

Akwai wasu a gefe: damsidin a zufa, histatin a yawu. Sai hefsidin, mai amino asid 25, wanda hanta ke ƙerawa. An fara ganinsa a matsayin mai kashe ƙwayoyin cuta, daga baya aka gane babban aikinsa ɓoye sinadarin ƙarfe ne. Idan cuta ta shiga, yawansa yakan tashi, ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji da ma'ajiyar jiki zuwa jini. Cikin sa'o'i ƙarfen jini ya faɗi, bakteriyar da ke bukatarsa ta rasa.

Kisa suke yi ko kira?

Nan masana suka rabu. Ɓangare guda, wanda Robert Hancock na jami'ar British Columbia a Kanada ya shahara da shi, suna cewa an zuzuta kisan. Hujjarsu ita ce yawancin gwaje-gwajen farko an yi su ne a ruwa mai ƙarancin gishiri. In aka kai gishirin matakin da yake a jini, kimanin milimola 150, aka ƙara magniziyam da kalsiyam milimola 1 zuwa 2, ƙarfin feftayid da dama yakan ragu ƙwarai, domin waɗannan sinadarai suna rige su zama a fuskar bakteriya. Furotin na jini ma suna kama su. Ga shi kuma LL-37 da ke ruwan hanyar numfashin mai lafiya 'yan maikrogiram ne a mililita, ƙasa da abin da ake bukata don kisa a irin wannan yanayi.

A wannan ƙaramin adadin, in ji su, wani aikin ne ke gudana. An nuna a 1999 cewa beta difensin yana jawo sel ɗin dendiritik da sel ɗin T, masu tayar da garkuwar koyo, ta hanyar makarɓi mai suna CCR6, wato yana haɗa garkuwar haihuwa da ta koyo. A 2000 aka nuna LL-37 yana jawo nutrofil da wata farar ƙwayar jini mai suna monosait. Yana kuma kama LPS ya hana shi tayar da kumburin da ya wuce kima, yana taimaka wa fata ta rufe rauni, yana sa sabbin jijiyoyin jini su tsiro.

Ɗaya ɓangaren suna cewa auna matsakaicin adadi a ruwan jiki yaudara ce, domin ba a jini ake fafatawar ba. A cikin jakar nutrofil da ramukan hanji, adadin ya ninka abin da ake bukata sau ɗaruruwa, gishiri bai isa ya hana ba. Sannan feftayid ba ya aiki shi kaɗai: laisozim, wanda Alexander Fleming ya gano a majina tun 1922, yana farfasa bango, feftayid ya samu hanya. Bayikabonet da ke ruwan jiki ma yana sa bakteriya ta fi jin su, alhali ba a saka shi a yawancin gwaje-gwaje.

In aka auna hujjojin, ba lallai ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Inda adadin ya yi yawa, kisa ne. Inda ya bazu ya yi ƙaranci, kira ne da daidaita kumburi. Abin da har yanzu ke da wuyar rabewa a jikin mai rai shi ne kason kowanne, tun da in an cire feftayid, duka ayyukan biyu ne ke tafiya tare.

Abin da ke faruwa in sun yi ƙaranci, ko sun yi yawa

Hujja mafi ƙarfi daga ɓeraye ta fito. A 2001 Victor Nizet da Richard Gallo da abokansu suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu katelisidin suna yin manyan gyambuna in aka sa musu Streptococcus rukunin A a fata. A 2003 aka yi akasin haka: aka dasa wa ɓeraye ƙwayar gadon HD5 ta mutum, suka tsira daga adadin Salmonella da ya kashe 'yan'uwansu, amma fa sai in ta baki aka ba su. In allura aka yi musu a ciki, kariyar ba ta aiki, domin an tsallake hanjin da HD5 yake.

A mutane, masu cutar Kostmann, waɗanda ake haifa da ƙarancin nutrofil, ko an ɗaga musu adadin da magani, nutrofil ɗin da yawunsu ba su da LL-37, kuma suna fama da mummunan ciwon dasashi. An ba da rahoton haka a 2002. A shekarar ce kuma aka kwatanta cututtukan fata biyu. A soriyasis, LL-37 da hBD-2 sun yi yawa, kuma duk da fatar ta tsattsage, ba kasafai take kamuwa da bakteriya ba. A atofik damataitis, mai bushewar fata da ƙaiƙayi, sun yi ƙaranci, kuma Staphylococcus aureus na zaune a fatar mafi yawan masu ita. A cutar Crohn ta ƙarshen ƙaramin hanji an samu raguwar HD5 da HD6, ko da yake ana jayayya a kan ko raguwar ce ta jawo cutar, ko kumburin ne ya lalata sel ɗin Paneth.

Yawan ma yana da nasa sharrin. A 2007 aka gano cewa a soriyasis LL-37 yana haɗuwa da DNA ɗin mutum da ya zubo daga matattun sel, ya kai shi ga masu gadin garkuwa, su ɗauke shi a matsayin na maƙiyi, kumburi ya ƙi ƙarewa. A cutar jan fuska mai suna rosasiya kuwa, kalikirin 5 ne ya yi yawa, yana yanka katelisidin zuwa gutsattsarin da ke tayar da kumburi. Hefsidin ma in ya daɗe a sama, kamar a doguwar jinya, yakan jawo ƙarancin jini da ƙwayar maganin ƙarfe ba ta cika gyarawa ba, domin ƙofar hanji a rufe take.

Dabarun bakteriya

An daɗe ana cewa bakteriya ba za ta iya bijire musu ba, tun da sai ta sake fasalin tantaninta gaba ɗaya. Maganar ba ta tsaya ba. Staphylococcus aureus tana liƙa alanin a bangonta da laisin a maiƙon tantaninta, cajin ɗebewa ya ragu, feftayid ya kasa kamawa. Salmonella tana da na'urar ji mai suna PhoP/PhoQ da ke gane feftayid ɗin kansa, ta sa a sauya LPS. Bakteriyar ciwon sanyi tana da famfo da ke fitar da LL-37 waje. Wasu suna fitar da inzayim su daddatsa shi. Shigella, mai jawo atini, tana sa bangon hanji ya rage ƙera LL-37 tun farkon cuta. Kusan duk bakteriyar da ta yi suna wajen cutar da mutum tana da ɗaya ko fiye daga waɗannan dabaru, kuma wannan shi ne amsar tambayar farko.

Gaskiyar da ta rage a tsohuwar maganar ita ce bijirewar takan zo a hankali kuma ba ta cika yin tsanani ba. A wani gwaji na 2006 sai da bakteriya ta yi zuriya 600 zuwa 700 cikin feksiganan, feftayid ɗin da aka ƙera daga magainin, kafin ta jure masa sosai. Amma a 2012 aka nuna cewa Staphylococcus aureus da ta koyi jure wa feksiganan ta fara jure wa HNP1 na mutum. Wannan ne fargabar masu adawa da yin magani da kwafin feftayid ɗin jiki: antibayotik in ya lalace ana neman wani, garkuwar haihuwa kuwa ba ta da madadi. Masu goyon baya suna amsawa da cewa ba a ga haka ya bazu a asibitoci ba, kuma wani bincike na 2018 ya nuna cewa E. coli mai bijire wa antibayotik sau da yawa takan ƙara jin feftayid.

Ina magungunan?

Akwai su, sai dai daga bakteriya aka samo su, ba daga mutum ko kwaɗo ba. Giramisidin na René Dubos, daga 1939, a fata da ido kawai ake amfani da shi saboda yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Kolistin an yi watsi da shi a shekarun 1970 saboda illa ga ƙoda, aka dawo da shi a matsayin makoma ta ƙarshe. A 2015 aka bayyana mcr-1 a ƙasar Sin, ƙwayar gadon da ke sa bakteriya jure masa, kuma tana tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. A 2017 Sin ta hana zuba shi a abincin dabbobi don ƙiba. Daftomaisin, da aka amince da shi a Amurka a 2003, yana aiki a jini da fata, amma ba a ba da shi ga ciwon huhu domin ruwan maiƙon da ke cikin huhu yana kashe ƙarfinsa.

Na dabbobi kuwa sun yi ta faɗuwa a matakin ƙarshe. Feksiganan, da aka ƙera daga magainin don gyambon ƙafar masu ciwon suga, hukumar FDA ta Amurka ta ƙi shi a 1999, ya sake faɗuwa a 2016. Murefabadin, sabon feftayid da aka ƙera don bakteriyar Pseudomonas, an dakatar da gwajin allurarsa a 2019 saboda raunin ƙoda. Dalilan suna maimaituwa: in an haɗiya, ciki yana narkar da su, in an yi allura, inzayim na jini suna yanka su, ƙoda ta tace sauran, in an ƙara adadi don cike giɓin, guba ta bayyana, ga tsadar haɗawa. Jiki yana kauce wa duk wannan ne saboda yana zuba su daidai kan bakteriya, a ɗan ƙaramin wuri, na ɗan lokaci. Wani ƙaramin gwaji na 2014 a Suwidin ya fito da matsalar fili. An shafa LL-37 a gyambon ƙafa a matakai uku, miligiram 0.5 da 1.6 da 3.2 a mililita. Ƙananan biyun sun gaggauta warkewa, mafi yawan bai fi maganin bogi ba.

Abin da ya shafi mutane kai tsaye

Ana sayar da LL-37 a intanet a matsayin allurar ƙarfafa garkuwa. FDA ba ta amince da shi a matsayin magani ba, kuma abin da aka sani game da rawarsa a soriyasis da rosasiya ya isa ya sa a guje shi.

Batun bitamin D ya fi sarƙaƙiya. Gaskiya ne ƙwayar gadon LL-37 a mutum tana da makunnin da bitamin D ke taɓawa, kuma a 2006 aka nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa ta wannan hanya makrofaj, sel ɗin garkuwa mai haɗiye ƙwayoyin cuta, ke kashe ƙwayar tarin fuka. Amma da aka gwada a yara 8,851 a Mongoliya, ana ba rabinsu bitamin D mako-mako har shekara uku, sakamakon da aka wallafa a 2020 bai nuna raguwar kamuwa da ƙwayar ba. Mai ƙarancin bitamin D yana da dalilan gyara shi, sai dai shan ƙari ba rigakafin bakteriya ba ne, kuma ba ya maye gurbin antibayotik ɗin da likita ya rubuta.

Inda marasa lafiya suka fara cin moriya shi ne wajen gano cuta. Tun da nutrofil na zubar da alfa difensin a inda ta haɗu da bakteriya, ana auna shi a ruwan gaɓar wanda aka sa wa gwiwa ko ƙugu na roba, don a san ko ciwon da yake ji daga bakteriya ne. FDA ta ba da izinin wannan gwaji a 2019, kuma yana ba da sakamako cikin kimanin minti 10, abin da ke taimaka wa likitan tiyata ya yanke shawarar ko zai sauya gaɓar a zama ɗaya ko sai an fara magance cutar tukuna.